An ce a sa wa ƙafar Babana injin tsotse ruwan miki, wa ya taɓa gani da idonsa?

Ɗiyar Adar:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga Yamai nake rubuto wannan. Yau kwananmu goma sha tara da barin Tawa ni da Babana, mun sauka gidan kawuna a Talaje. Ni malamar makaranta ce, ban san kan sha'anin likita ba, don haka ku yi mini haƙuri in zancen ya yi tsawo.

Baba yana da shekara 67, fataucin albasa yake yi, kuma shekara goma sha biyu ke nan yana fama da ciwon sukari. Ya daɗe yana ce mana ƙafafunsa kamar ba nasa ba, wai ji yake kamar bisa audiga yake takawa. Mu kuwa muka ɗauka tsufa ne. Wata Juma'a ya dawo daga masallaci, ƙanena ya ɗauki takalminsa zai kai ɗaki, sai ya ga busasshen jini a ciki, ga ƴar ƙusa ta huda takalmin ta ƙasa, kanta ya leƙo. Da ƙusar nan Baba ya je masallaci ya dawo, bai ji komai ba. Da aka nuna masa sai ya ce wannan bai fi sukar ƙaya ba, kada a tayar da hankali.

Gwaggona ta daka bagaruwa tana barbaɗa masa safe da yamma. Sati uku aka yi a haka. Ina zuwa gaida shi, ina ganin ƙafar ɗaure da tsumma, ban taɓa cewa a kwance in gani ba, kuma sati ukun nan su ke hana ni barci har yau. Ranar da Inna ta kira ni ta ce ɗakin ya fara wari, na tarar ƙaramin yatsan ya yi baƙi ƙirin, ƙafar ta kumbura har idon sawu, jikinsa ya yi zafi rau. A Tawa aka fara ba shi magani ta jijiya, sannan aka ce mu wuce Yamai. Muka bi ta Konni, Dogonduci, Doso, yini guda cur a mota, ƙafarsa bisa cinyata.

Nan aka yi masa aiki, aka cire yatsu biyu, ƙaramin da na kusa da shi, haɗe da guntun ƙashin da ke bayansu. Ba a ɗinke ba, likita ya ce dole a bar wurin a buɗe. Yanzu rami ne a gefen ƙafar, faɗinsa ya kai rabin tafin hannuna, kuma ruwa yake zubarwa ba tsayawa. Sau biyu ake masa pansama a rana, amma kafin la'asar bandejin safe ya jiƙe har zanen gado. Sukarin dai ya sauka tun da aka mayar da shi kan allurar insilin, zazzaɓi ya tafi, warin ma ya ragu sosai.

Shekaranjiya likitan ya ce yana so a sa masa wani inji da ke tsotse ruwan mikin. Da baki yana ce masa VAC, a takarda kuma TPN ya rubuta. Ya nuna mini hotonsa a waya: baƙin soso cikin miki, leda a kai, ga tiyo ya tafi zuwa wani ɗan akwati. Ya ce hayarsa ake yi, soson da ledar kuma saye ne, kowane canji da kuɗinsa. Da na lissafa na wata guda, ya haura albashina nesa ba kusa ba. Ƙanena ya ce a sayar da san Baba. Kawu ya ce shi bai yarda da abin da zai kwana yana zuƙar jinin tsoho ba. Baba kuwa abu ɗaya ya tambaya, yadda zai riƙa yin alwala.

In dai ƙafar za ta tsira, kuɗin ba su ne damuwata ba. So nake in ji daga bakin wanda ya gani da idonsa. Da gaske jini yake sha? Kuma mu da ake ɗauke wa kuran a wannan zafin, wani lokacin awa huɗu ko biyar, mi zai samu mikin in injin ya tsaya? Ranar Litinin likitan yake jiran amsarmu.

Mai Pansama:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ni infirmiye ne a sashen tiyata, kuma na ɗaura abin nan da hannuna ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ki kwantar wa Kawu da hankali, ba jinin jiki yake sha ba. Ruwan nan da kike gani yana jiƙa bandeji, shi ne injin yake janyewa ya tara a ƴar kwalbar roba da ke manne da shi. Sai mu wanke mikin, mu yanka soson daidai girman ramin mu sa shi ba tare da dannawa ba, mu rufe da leda mai kama fata ta yadda iska ba za ta samu ƙofa ba, sannan mu huda ledar mu ɗora bakin tiyon. Ana kunnawa za ki ga soson ya lotse ya takure, ledar ta lafe a kansa. Yawanci a 125 ake ajiye ƙarfin jan, za ki ga lambar a fuskar injin da alamar ragi a gabanta, kuma likita na iya sauke ta zuwa 75 ko 80 in mutum yana jin zafi. Jan nan da yake yi dare da rana yana sace kumburin da ya kewaye mikin, yana matso da bakin mikin kusa da juna, kuma yana tsokano sabon nama ja mai ƙwaya-ƙwaya ya taso daga ƙasan ramin. Naman nan shi muke farauta. Ana canja soson duk bayan kwana biyu zuwa uku, wato sau uku a sati, maimakon buɗe ƙafar sau biyu kullum.

Maganar kuran: injin yana da batir a cikinsa. Ki tambaya awa nawa na wanda za a ba ku yake riƙewa, kuma duk lokacin da wuta take nan ya kasance a jone. Amma ki riƙe wannan da kyau: kada injin ya wuce awa biyu a kashe alhali soson yana cikin miki. Miki rufe da leda, ba abin da ke jan ruwan, ga ɗumi, ai an gina wa ƙwayoyin cuta ɗaki ke nan. In ya mutu kuma ba halin kunna shi, a cire ledar da soson gaba ɗaya, a sa kompires jiƙe da ruwan gishirin asibiti, a ɗaure kamar pansaman da kuka saba, a kira wanda ya ɗaura. Kada ku yarda a sallame ku zuwa gida da injin sai an koya miki wannan da hannunki, kuma kina da kayan a ajiye.

Abin da ya kamata ki ji tsoro shi ne jini ja wur ya bayyana a tiyon farat ɗaya, ko kwalbar ta cika cikin ɗan lokaci. In kin ga haka ki kashe injin, ki danne wurin, ku tafi asibiti ko da tsakar dare ne. Ki kuma faɗa wa likita in Baba yana shan maganin tsinka jini, ko da aspirin ne. Sannan duk ranar ɗauri ki tsaya ki ƙirga gutsuren soso nawa aka sa. Mu muna rubuta adadin a kan ledar, don ranar cirewa a fitar da su cif. Guntu ɗaya in ya maƙale a lungu nama ya rufe shi, ruɓa zai jawo.

Ƙafa wuri ne mai wuyar manna leda, balle kusa da yatsu, ga gumin wannan lokaci. Injin zai riƙa kuka in iska tana shiga. Ki roƙi a bar miki guntayen leda, ki bi gefe-gefe da yatsa har ki ji inda take huci, ki toshe.

Tsohon Direba:

Ɗiyata, sannu da jinya, Allah ya yi miki albarka. Ni a ƙafata ta dama aka sa mini shi bayan an cire babban yatsa, sati biyar muna tare. Shekara talatin na yi ina jan babbar mota tsakanin Kwatano da Yamai, zaman mota da shayi mai sukari su suka kai ni nan.

Ki gaya wa Baba abin ba ya da ban tsoro. Da dare za ka riƙa jin ƴar ƙararsa kamar gurnanin kyanwa, bayan kwana biyu ka saba. A jaka nake rataya shi in zan shiga bayi, abin kulawa kawai kada tiyon ya lanƙwashe ko a kwanta a kansa. Canjin farko na ji jiki, don sabon nama ya shiga cikin ramukan soson. Mai ɗaurin ya kashe injin tun da wuri, ya zuba ruwan gishiri ya bari ya jiƙa, sannan ya ɗaga a hankali. Ranar buɗewa kuma akwai ɗan wari, kada ya firgita ki, amma in ya yi yawa ko zazzaɓi ya dawo a faɗa wa likita.

Kuskurena shi nake so ku guje wa. A sati na uku na ga ramin ya cike rabi, na ji ƙarfi, sai na fara takawa zuwa fada ƙofar gida, har na lallaɓa masallacin unguwa sau biyu. Da yake ƙafar ba ta jin zafi, ban san ina ɓarna ba. Ranar canji aka tarar gefen mikin ya daddage ya yi duhu, aikin kwana goma ya koma baya. Daga nan aka hana ni taka ta kwata-kwata, sai sandunan dogarawa. Ku sa wa Baba ido a kan wannan, don mu tsofaffi zama wuri ɗaya yana yi mana wuya, ga kunyar a ce sai an kama mu.

Kuma kada ku ɗauka injin zai rufe mikin har fata. Ni ramin ya cike mini, aka cire shi, aka koma pansama na kusan wata biyu kafin fata ta haɗe. Na bar taba, na bar sukari a shayi, na rage fura, na koma ƙwai da wake da kifi da kwaɗon zogale. In an ɗauke wuta, wajen maƙwabcina mai fano, wato allon wutar hasken rana, nake aikawa a ja mini waya.

Uwar Ƴan Biyu:

Ƴar'uwa, ni labarina daban ne, kuma ba don in karya miki gwiwa zan faɗa ba. Surukata ta yi gyambo a diddige, ba aiki aka yi mata ba, haka kawai ya ɓalle. Muka sa mata injin nan sati uku, muka sayar da abin da muka sayar, mikin ko gezau. Ƙafarta kullum sanyi ƙalau, da dare sai ta sauko da ita daga gado ta rataye kafin ta samu barci saboda zogi. Daga baya aka yi awon jijiyoyi aka ga sun toshe, jini ba ya isa ƙasa. Ƙarshenta dai ƙasan gwiwa aka yanke. Ba na zargin kowa, mu ma mun matsa a yi mana abin da muka ji ana yabo. Amma don Allah kafin ku taɓa san nan, ku tabbata an auna gudun jinin ƙafar.

Ɗan Konni:

Malama, sannunku da ɗawainiya. Ni likita ne, ban ga ƙafar Baba ba, don haka wanda ya yi masa aikin shi ke da ta cewa. Amma labarin Baba Direba da na Uwar Ƴan Biyu duka gaskiya ne, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne amsar tambayarki.

Abin ba sabo ba ne. Wasu masana biyu a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, Louis Argenta da Michael Morykwas, su suka fito da tsarin soso da leda, suka buga sakamakonsu a 1997. A 2005 mujallar Lancet ta buga binciken Armstrong da Lavery kan masu ciwon sukari 162 da aka cire wa wani sashe na ƙafa, kamar dai Baba. Cikin sati 16, kashi 56 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa injin sun warke, a masu pansama kuwa kashi 39. Wani binciken na 2008 mai mutum 342 ya samu kusan kashi 43 da kashi 29. Sai dai kamfanin da ke ƙera injin ne ya ɗauki nauyin binciken nan biyu, wannan kuma abin lura ne. Da aka gwada a Jamus kan mutum sama da 300 cikin aikin asibiti na yau da kullum, aka buga a 2020, ba a ga wani bambanci a fili ba wajen rufewar miki. Shi ya sa ƙungiyar masana ƙafar masu ciwon sukari ta duniya, a shawarwarinta na 2023, ta ce a iya amfani da shi a mikin da ya biyo bayan tiyata, a matsayin ƙari kan sauran kulawa, amma ba a gyambon da ba a yi wa aiki ba. Ke nan mikin Baba yana cikin irin da aka fi sa ran zai amfana. Ki lura kuma ko a binciken da ya fi yabonsa, kusan rabin mutanen ba su warke a wannan wa'adin ba, masu pansama da yawa kuma sun warke.

Ranar Litinin ki tambayi likitan ko jini yana isa ƙafar. Zai taɓa bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu, in da shakka a yi awon dopila, na'urar da ke duba gudun jini a jijiya. Ki tambaya ko ƙashin da ya rage yana da lafiya, don ba a ɗora injin kan ƙashin da cuta ta kama ba a magance ba, haka ba a ɗora shi kan mataccen nama baƙi sai an kankare, ko kan jijiyar jini da ta fito fili. Ba wasa ba ne: a 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ce an kai mata rahoton mutuwar mutum 12 da raunuka 174 masu alaƙa da irin waɗannan injuna, kuma zubar jini shi ne mafi haɗari a cikinsu. Abin da Mai Pansama ya ce miki kan jan jini a tiyo, ki rubuta shi ki liƙa a bango.

Ki kuma nemi ya faɗa miki tsawon lokacin da za a gwada. In an yi sati biyu ramin bai ragu ba, a zauna a sake shawara kafin a ƙara zuba kuɗi. In har kuɗin injin zai sa a gaza sayen insilin da maganin ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki, to waɗannan su ne a gaba.

Malam na Wadata:

Ɗiyata, ki ce wa Alhaji addini bai ƙuntata masa ba. Malamanmu sun karantar da cewa mai rauni yana wanke gaɓoɓin da ke lafiya, ya shafi bisa ɗaurin da damshin hannu sau ɗaya. In ko ruwan zai cutar da shi, akwai taimama. Salla kuma a zaune ta inganta ga wanda tsayuwa za ta yi wa lahani. Kada ya kwance ɗauri don alwala. Allah ya tashi kafaɗunsa.

Ɗiyar Adar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ku gafarce ni da jinkirin dawowa, yau kwana tara da sa injin.

Na je da tambayoyin a rubuce a bayan ordonans. Likitan bai ji haushi ba, har ya jawo kujera ya zauna. An yi dopila, ya ce jinin bai kai na saurayi ba amma ya isa. Hoton ƙashi ma bai nuna cuta ba. Muka yi da shi za a gwada sati biyu a gani. Ba mu sayar da san ba tukuna, tumaki biyu na Inna aka kai kasuwa, ƴan'uwa kuma suka haɗa abin da ya sawwaƙa.

Daren farko ban runtsa ba, ina zaune da fitilar waya ina kallon tiyon. Ruwan kamar na wankin nama yake, ba ja wur ba, yana tafiya kaɗan-kaɗan. An ɗauke kuran awa uku a dare na huɗu, batirin ya riƙe. Sau ɗaya ledar ta ɗaga wajen yatsan tsakiya, injin ya yi ta kuka, na bi da yatsa kamar yadda Yaya Mai Pansama ya ce, na samu wurin na toshe. A canji na uku na tsaya na leƙa: ƙasan ramin da ke fari-fari da ya yi ja, ya ɗan taso. Gutsuren soso biyu aka sa, biyu aka cire, na ƙirga. Kawu yanzu shi ke zama kusa da Baba bayan isha'i yana duba lambar, in Baba ya yunƙura zai sauke ƙafa shi ke tsawata masa.

Jiya da nake shafa masa man kaɗe a ƙafar hagu, na ga tsagewa a diddigen, ƴar ƙarama, ba ta yi jini ba. Na nuna wa infirmiye, ya ce in riƙa dubawa kullum har tsakanin yatsu, amma kada in sa mai a tsakanin. Ya ce kuma takalman Baba na da duk a ajiye su. Ko akwai wanda ya san inda ake ɗinka takalmi mai faɗin baki da taushin ciki a nan Yamai, wanda za a auna ƙafar mutum kafin a yi? Na hagu nake so a fara yi masa.